Gidan tarihin Katar, ginin da aka kwaikwayo daga dutsen hamada

A wannan wata labarin wani gini zan ba ku, wanda na gani da idona a Doha, babban birnin ƙasar Katar. Cikin watan Oktoba na 2023 wani alhaji ɗan kasuwa na garinmu ya tafi da ni can, don in riƙa rubuta masa lissafi. Kwana 5 muka yi. Ran da ya gama harkokinsa na roƙe shi mu je mu ga gidan tarihin ƙasar.

Ya ce: "Mushe, ni da na fito neman riba, mi zan yi da tsofaffin tukwane?"

Na ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, ba don tukwanen ba. Gidan da aka sa su ciki nake so mu gani."

Ya yi dariya, ya ɗauki tasbaharsa, muka fita.

Bari in fara gaya muku inda Katar take. Ƙaramar ƙasa ce ta Larabawa, gabas da Saudiya. Ta kutsa cikin teku kamar babban yatsa, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku. Jihar Maraɗi kaɗai ta ninka ta sau uku da wani abu. Ba ta da kogi ko guda. Ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimetir 100 ba, ko na Agadas ya fi shi. Ruwan sha daga teku suke ɗebo shi, su cire masa gishiri da injuna. Mutanen da ke cikinta sun kai wajen miliyan 3, amma cikin mutum 10 kusan 9 baƙi ne masu neman abinci. Arzikinta man fetur da iskar gas.

Gidan tarihi kuwa, wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san shi. Wuri ne da ƙasa ke ajiye kayan kakanni don jikoki su gani. Namu na Yamai an buɗe shi a 1959, yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Can aka kai itacen nan na Tenere bayan mota ta kaɓe shi a 1973. Na Katar ma aikinsa ke nan. A siffar gini suka sha bamban.

Jirgin ƙasa muka shiga, irin mai tafiya ƙarƙashin ƙasa, ba shi da direba. Alhaji bai daina jan tasbaha ba sai da muka sauka. Muna fitowa sarari zafi ya mare mu. Zafin can yana tafe da laimar teku, gumi ba ya bushewa a jiki. Ga motoci kamar tururuwa. Can ƙetaren ruwa ga dogayen benaye na gilashi suna walƙiya. Muka ɗan taɓa tafiya, sai ga gidan a gabanmu.

Alhaji ya tsaya cik. Ya ce: "Subhanallahi! Mushe, rushewa ya yi, ko ba a gama shi ba?"

Ban ga laifinsa ba. Duk ginin da muka sani yana da bango a tsaye da rufi a bisa. Ko ya zama mai kusurwa huɗu, ko kewayayye kamar rumbu. Wannan ba haka yake ba. Ku ɗauka mata sun shanya fayafayai masu yawa, manya da ƙanana, guguwa ta zo ta kwashe su ta zubar wuri guda. Wani faifai a kwance, wani a tsaye, wani a karkace. Wani ya ratsa cikin ɗan uwansa ya ɓullo ta baya. To ku mai da kowane faifai ya zama na siminti mai launin rairayi, mai kauri a tsakiya, mai siririn baki. Ƙaramin cikinsu faɗinsa metir 14. Babban ya kai metir 87, ya kusa tsawon filin ƙwallo ke nan. Gaba ɗaya 539 ne. Tsawon ginin daga wannan kai zuwa wancan metir 350.

Mine ne furen hamada?

Wannan siffa ba a mafarki maginin ya gan ta ba. A ƙasa ya tsince ta.

Cikin hamadar Katar akwai fadamu masu gishiri, inda ruwa mai zartsi yake kusa ƙarƙashin rairayi. Rana tana jan ruwan yana tashi, yana bushewa. Abin da ya narke cikinsa kuwa ba ya tashi, sai ya daskare nan. Wanda ya ga yadda kanwa ko gishiri ke fitowa bakin tafki bayan ruwa ya janye, ya gane abin da nake nufi. To cikin wannan ruwa akwai wani farin ma'adini da ake kira jips. Idan zai daskare sai ya fito falle-falle, yana haɗiye ƙwayoyin rairayi, shi ya sa yake ɗaukar launinsu. Fallen farko ya fito, na biyu ya ratsa shi, na uku ya gitta su. A hankali a hankali, shekara da shekaru, har ya zama dunƙule mai kama da fure. Shi ne ake ce wa furen hamada. Suna ne kawai. Ba shi da saiwa, ba shi da ƙamshi, raƙumi ba ya cinsa. Wani kamar ƙwan kaza, wani ya fi kan mutum girma. Ba shi da tauri, farce ma yana kankarar shi. Ana samunsa a hamadar Aljeriya da Tunisiya ma.

Jips ɗin kuwa ba baƙonku ba ne. Da shi ake yin farar hodar da likita ke ɗaure karaya. Ana zuba kaɗan cikin siminti, irin na Malbaza, don kada ya yi saurin daskarewa. Yawancin allin da muke rubutu da shi a makaranta ma daga gare shi ne. Na daɗe ina riƙe da ɗan uwan wannan dutse a hannu, ban sani ba.

Wanda ya zana ginin wani Bafaranshe ne, Jan Nubel, haifaffen 1945, sananne a sana'arsa. Shi ya ɗauki ɗan dutsen nan da ke shiga tafin hannu, ya ce a faɗaɗa shi har mutane su shiga ciki. Masu mulkin Katar suka yarda. Abin ya ba ni mamaki fiye da girman ginin. Mutanen da ke da kuɗin da za su shafe bango da zinariya, sai suka zaɓi dutsen da makiyayi ke tuntuɓe da shi ya wuce.

Alhaji ya ƙi shiga ƙarƙashin fayafayan da farko. Ya ce abin da ya karkace haka, ba da shi za a yi gwaji ba. Ni ma na tambaya, yaya aka yi suke tsaye ba su faɗi ba? Ashe ba siminti ne zalla ba. Cikin kowane faifai ƙarfe ne aka saƙa, kamar tsaikon ɗaki kafin a yi masa baibaya. Ƙarfen wannan faifai yana ɗaure da na wancan, kowane yana tallabe da ɗan uwansa. Sannan aka lulluɓe ƙarfen da fallayen siminti guda 76,000. Simintin an cuɗa shi da zaren gilashi, kamar yadda maginanmu ke cuɗa ƙasa da ramno don kada ta tsage. Shi ya sa fallen ba shi da kauri, ba shi da nauyi, amma yana da ƙarfi. In ka matsa kusa za ka ga layukan haɗinsu, kamar tsagewar laka a tafkin da ya ƙafe. Lissafin inda kowane falle zai zauna ya fi ƙarfin kan mutum, da kwamfuta aka yi shi. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya karɓi aikin a 2011. Ba a buɗe wa jama'a ƙofa ba sai ran 28 ga Maris 2019.

Inuwa

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na rubuto muku. Da na fara ganin ginin na ɗauka ado ne kawai, na masu kuɗin da suka rasa abin yi. Sai da rana ta kore ni na fake ƙarƙashin faifai guda, sannan na fara ganewa.

Bakin kowane faifai ya zarce bango da nisa, ya yi rumfa. Tagogin gilashi ba a fuskar gini suke ba. An cusa su can cikin lungu, a ratar da ke tsakanin faifai da faifai. Haske yana shiga, amma ƙwayar rana ba ta dukan gilashin. Da hantsi wannan faifai yana yi wa wancan inuwa. Da la'asar, rana ta juya, sai wancan ya rama masa. Launin rairayin nan ma ba banza ba ne. Abu mai haske yana mai da rana baya, baƙi kuwa shanye ta yake yi. Kowa ya san bambancin farar riga da baƙa a watan Afrilu. A bayan fallayen siminti kuma an shimfiɗa abin da ke tare zafi kada ya ratsa ciki.

Na tuna da malafar makiyayi. Ba kaurinta ke raba shi da rana ba, faɗin bakinta ne. Malafa aka yi wa wannan gida, ɗaya bisa ɗaya, har 539.

Ku gwada shi da benayen gilashin da ke ƙetaren ruwa. Su tun daga ƙasa har sama gilashi ne a fili, rana na dukansu tun safe har yamma. Wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe aka bari a rana ya san abin da gilashi ke yi. Dole a yi ta ƙona wuta dare da rana don a sanyaya su. Da na dube su na dubi wannan, sai na ga kamar su baƙi ne da aka ɗauko daga ƙasar sanyi aka dasa nan. Wannan kuwa ya san garin da yake. Mu ma muna da irin wannan kuskure namu na talaka. Mutum ya sami kuɗin albasa ko na rago, ya ɗora kwano bisa siririn bango, ya sare bedin da ke ƙofar gida don ganye na toshe masa indararo. Bazara na zuwa sai ka gan shi ya ɗauko tabarma ya koma zauren ƙasa na tsohonsa.

Ginin bai tafi miƙe ba, zagaye ya yi, ya bar babbar tsakar gida a tsakiya, kamar zangon ayari inda fatake ke sauke kaya. Har da mutum-mutumin raƙuma aka kafa a harabar. Shi dai wannan magini ya yi wani gidan tarihi a Abudabi, wanda aka buɗe a 2017. Can kuma inuwar dabino ya kwaikwaya. Ya yi ƙatuwar rumfa ta ƙarfe mai faɗin metir 180, mai huda-huda, haske na ɗigowa ta cikinta kamar ta tsakanin ganye.

Abin da ke ciki

Muka biya kuɗin shiga muka shiga. Bayanin kayan da Larabci da Ingilishi aka rubuta shi. Nan bokona ya kwanta, karatun allon Alhaji ya tashi. Shi ke karantawa yana fassara mani, ni ina rubutawa. Ya ce in tuna masa ya rage mani lada in mun koma gida.

Ɗakunan 11 ne, a jere. Wanda ya bi su duka ya yi tafiyar kilometir 1 da rabi. Fayafayan da muka gani waje su ne bango, su ne rufi a ciki. Wani wuri rufin ya yi sama ƙwarai, wani wuri ya sauko har ka ji kamar ka sunkuya. Daɓen ma ba shimfiɗe yake ba, yana ɗan hawa yana ɗan gangarawa kamar tudun rairayi. Ba ka sanin abin da ke gaba sai ka sha kwana. Gaskiya tsoho mai ciwon gwiwa zai ji jiki. Alhaji ya zauna sau uku.

Bango karkatacce ba ya karɓar ƙusa, ba a rataya masa hoto. Sai suka mai da wannan aibi ya zama amfani. Bangon kansa ake haska wa silima, tun daga ƙasa har sama. Kana tafiya teku na motsi a damanka, rairayi na tashi a hagunka. Cikin waɗanda suka shirya siliman har da ɗan Afirka, Abdurrahman Sisako na Muritaniya. Shi ya yi na zaman makiyaya a daji.

Ɗakunan farko na ƙasa ne da namun daji. Ga furen hamada na gaske an ajiye. Ga siffar mariri, wanda suke alfahari da shi. Ga kifaye. Mun wuce su da sauri.

A ɗakin makiyaya ne ƙafata ta ƙi gaba. Ga sirdin raƙumi, ga salka, ga turmin daka gahawa da butarta, ga saƙar mata mai ja da baƙi da fari. Larabawan daji da gashin awaki da na tumaki suke saƙa tantinsu. Saƙar tana da ƴan ƙofofi, iska na ratsawa da rani. In ruwa ya taɓa ta sai zaren ya kumbura, ƙofofin su toshe. An sa kayan nan cikin gilashi, an haska musu fitila, ga mai gadi tsaye. Na ce a raina: salkar da ke rataye a bukkar Buzu ko Bafillace a Dakwaro, ba mai dubanta sau biyu, ga ƴar uwarta nan ana biyan kuɗi a gan ta.

Daga nan sai ɗakin teku. Kafin fetur, da lu'ulu'u Katar take ci. Lu'ulu'u a cikin wata halittar ruwa yake, mai ɓawo biyu kamar makankari. Sai an nutsa ƙasan teku a ɗebo ta. Wajen 1907 jiragen ruwan Katar masu wannan aiki sun haura 800. Da tsakiyar zafi suke fita, su yi wata 4 bisa ruwa. Mai nutso yana matse hancinsa da ɗan maƙali, ya taka igiya mai dutse ta ja shi ƙasa, kwando rataye a wuyansa. Ya yi wajen minti 1 yana tsinta da numfashi guda. In ya ja igiya, abokinsa da ke cikin jirgi ya jawo shi sama. Ya huta kaɗan ya koma. Haka tun safe har faɗuwar rana. Abincinsu dabino da shinkafa da kifi. Gishiri yana ci musu ido, nutso yana fasa musu kunne.

Ba nutson ne ya fi tsaya mani a rai ba, bashin ne. Kafin a fita, mai jirgi yana ba mai nutso kuɗi ya bar wa iyali. In an dawo a cire daga rabonsa. Shekarar da ba a samu ba, bashi ya hau bashi. Wanda ake bi ba shi da ikon barin mai jirginsa. In ya mutu, ɗansa ya gaji igiya, ya gaji bashi. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Da yawa cikin masu nutson kuma bayi ne da aka kawo daga Afirka, ko jikokinsu. Sai a 1952 aka hana bauta a Katar. Akwai wani gida daban cikin Doha, gidan Bin Jalmud, da aka keɓe don wannan labari.

Kusa da nan aka shimfiɗa wata darduma da ake kira ta Baroda. Wani sarki na Indiya ya sa aka yi ta a 1865, da niyyar a kai ta Madina, a kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sarkin ba Musulmi ba ne. Ya mutu a 1870 ba a kai ta ba. An jera mata ƙananan lu'ulu'u wajen miliyan 1 da rabi, da wasu duwatsu masu daraja. A 2009 aka yi gwanjonta a Doha, ta tashi dalar Amurka miliyan 5 da rabi. Alhaji ya daɗe yana dubanta, na san lissafi yake yi. Ni kuwa numfashin masu nutso nake ƙirgawa.

Sana'ar ta mutu ne bayan mutanen Japan sun gano dabarar kiwon wannan halitta, su sa ta ta yi lu'ulu'u a gona ta cikin ruwa. Kasuwa ta cika. Ga kuma karayar arzikin duniya da ta fara a 1929. Yunwa ta shiga Katar, mutane da yawa suka yi ƙaura. An sami fetur a Dukan wajen 1940, amma yaƙin duniya ya tsai da aikin, sai a 1949 jirgin farko ya ɗauka. A 1971 ƙasar ta sami ƴancin kai daga Ingila, a shekarar kuma aka gano iskar gas cikin teku. Ɗakunan ƙarshe na wannan zamani ne.

Tsohuwar fada

Inda hanya ta ƙare, sai ka fito ka tarar da wani ƙaramin gida tsoho, sabon gini ya rungume shi. Fadar Shehu Abdullahi ɗan Jasim ce, wanda ya yi sarautar Katar daga 1913 zuwa 1949. Nan ya zauna da iyalinsa, nan ya yi mulki. A 1975 aka mai da ita gidan tarihin ƙasa na farko. Da za a yi sabon gini ba a rushe ta ba, gyara ta aka yi da irin kayanta na da.

Nan Alhaji ya saki jiki. Ya shafa bango ya ce: "Yauwa, ga gida." Bango mai kauri, baranda mai inuwa, ƙananan tagogi, tsakar gida. Maginan Katar na da da dutse da laka suke gini, su yi shafe da jips da aka ƙona, su yi masa zane kamar yadda namu ke yi wa fuskar soro a Damagaram. Kun ga ashe jips ɗin nan ya daɗe yana yi musu aiki. Ƙasarsu ba ta da itacen rufi, daga gaɓar Afirka ta gabas jirage ke kawo musu sanduna. Tsawon sanda shi ke yanke faɗin ɗaki, kamar yadda azara ke yi a wurinmu. Shi ya sa ɗakunan suke dogaye, matsattsu.

Tsohuwar fadar da sabon ginin abu guda suke nema, wato su raba mutum da rana. Ita ta yi da kayan da jaki da jirgin ruwa ke iya ɗauka. Shi ya yi da ƙarfe da kwamfuta da kuɗin gas.

Kada in yi muku ƙarya, inuwar fayafayan ba ita kaɗai ke sanyaya sabon gidan ba. Akwai injunan sanyi a ciki, har Alhaji ya ja rawaninsa ya rufe kunne. Inuwa rage musu aiki take yi. Ran da wuta ta ɗauke da tsakiyar zafi, ina jin tsohuwar fadar za a fi nema. Kuma gini irin wannan ba na kwaikwayo ba ne ga wanda ba shi da rijiyar gas. Abin ɗauka a ciki ba ya wuce dabarar: faɗin baki, taga cikin lungu, launi mai haske.

Akwai kuma waɗanda suka sha rana kafin inuwar ta samu. Gine-ginen Doha baƙi ne ke yin su, daga Indiya, Nepal, Bangaladash, Filifin da ƙasashen Afirka. Gabanin ƙwallon duniya na 2022, jaridu da ƙungiyoyin kare ma'aikata sun yi ta kuka kan waɗanda suka mutu da waɗanda aka riƙe wa albashi. Hukuma ta canza wasu dokoki. Tun 2020 ma'aikaci na iya sauya wurin aiki ba sai da yardar ubangidansa ba. A 2021 aka fara aiki da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, ban da kuɗin abinci da na ɗaki. Lokacin da muka je, wajen jika 170 ke nan a kuɗinmu. A shekarar 2021 ɗin kuma aka hana aiki cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba.

Da muka fito, rana ta yi sanyi. A hanyarmu ta komawa tasha muka bi ta gaban wani gini da ake kan ginawa. Alhaji yana yi mani faɗa wai na sa shi tafiyar da bai yi niyya ba. Sai mai gadin wurin ya miƙe ya ce: "Salamu alaikum Baba Alhaji, Hausa nake ji?" Saurayi ne ɗan Gana, daga Zangon Kumasi. Muka gaisa kamar mun san juna.

Alhaji ya ce: "Ɗana, shekara nawa kana nan?"

Ya ce shekara 3. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga gidan tarihin, tun da kullum yana hangensa. Ya ce bai taɓa ba. Rana guda yake da ita ta hutu, wanki da barci ke cinye ta. Ya ce kuɗin da ya ba dillalin da ya kawo shi rance ne, shekararsa ta farko duka biyan bashi ya yi. Yanzu ya fara aika wa tsohuwarsa, yana kuma tara na bulo.

Alhaji ya yi shiru. Ya sa hannu aljihu ya ciro goro guda, cikin ƴan waɗanda ya taho da su daga gida, ya miƙa masa. Saurayin ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana shinshinarsa kafin ya ɓare. Ya nuna mana hanyar da ta fi kusa zuwa tasha, ya ce mu yi sauri, in an tashi daga aiki jirgin cika yake yi.